Motar ɗaga kaya ba jaki ba ce

Tun 1974 da layin dogo ya iso Ngaundere ta ƙasar Kamaru, a nan ake sauke kayan Duwala da za su wuce Garwa, Marwa, Kusiri har Njamena. Daga tarago zuwa sito, daga sito zuwa tirela, wahalar tana kan motar ɗaga kaya, 'yar gajeriyar nan mai ƙarafa biyu a gaba. Ita ce kuma ake yi wa riƙon sakainar kashi.

Kwanan baya, a wani sito, na ga an lafta mata buhunan shinkafa har tayoyin baya suka bar ƙasa. Maimakon a rage, sai mai siton ya daka wa 'yan dako biyu tsawa: "Ku hau baya ku danne ta mana!" Suka ɗare suna dariya. A inda take kwana kuwa, an ajiye gwangwanin tumatir yana tarar man da ke ɗiga daga tiyon ɗagawa.

Abin da Alhajin bai lura ba, da tayoyin baya wannan mota take juyawa. In sun tashi, sitiyari ya zama ado. Kuma wadda aka rubuta a jikin farantinta cewa tana ɗaga tan 2.5, nauyin ita kanta ya kusa tan 4. Wanda ta faɗa wa, sai dai wani ba shi ba.

In tsautsayi ya auku, direba ake zagi. Ni ban ga laifinsa sosai ba. Yaron da ake sallama da yamma da kuɗin yini, yaya zai kalli ubangidansa ya ce birki ya yi laushi, yau ba aiki? Gyara na mai mota ne.

Masu sito za su ce kayan gyara tsada, sai an aiko daga Duwala, ga tireloli sun yi layi a ƙofa. Gaskiya ne. Amma duba mai, birki, oda, sarƙa da tayoyi kafin a tayar da inji, minti 10 ne, ba ya cin ko dala. Ƙurar hunturu na toshe matatar iska, a Garwa ɓurɓushin auduga na like lagireto, zafin Afrilu ya ƙarasa sauran. Matatar da lagireton, busa su kawai ake yi. Ƙarafan gaba ne ba su da sassauci: in gindinsu ya cinye da kashi 10 cikin 100, ƙarfinsu ya ragu da wajen kashi 20, kuma canza su ake yi. Amma a nan, in sun tsage, sai a kira mai walda ya ɗinke tsagar, a shafa fenti.

Ina so kowane sito ya ajiye littafin duba na safe, direba ya sa hannu, kuma ranar da ya ajiye mota saboda lahani a biya shi kuɗinsa cif.

Bayan mako guda na koma siton nan. An ɗauke gwangwanin, an sa bokiti.