Ƙurar Chadi ba mu da yadda za mu yi da ita, amma hayaƙin bolar unguwa fa?

Duk wanda ya fito sallar asuba a Gumel cikin watan Janairu ya san abin da nake nufi. Fitilar masallacin da ke ƙofar gidanka sai ka ganta dishi-dishi kamar an yafa mata farin mayafi, jaura na kaɗawa, leɓe ya tsage ƙafa ta yi faso, sirdin babur ɗin da ka goge jiya da daddare in ka ja yatsa a kai sai ya bar layi. Mun saba da hazon nan tun muna yara, daga wajen Nuwamba yake farawa ya kai mu Fabrairu ko farkon Maris.

Ƙurar ma ba ta garinmu ba ce. Yawancinta daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi da ake kira Bodele, tsohon gindin tafkin Chadi ne tun zamanin da tafkin ke da girman gaske, ruwa ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari, iska kuma in ta matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi sai ta kwashe ta ta yo kanmu, wata ma har ta haye teku ta sauka Kudancin Amurka. Wannan kam babu gwamna ko ciyaman da zai tare ta.

Abin da ke ci min rai shi ne wanda muke ƙarawa da hannunmu, kuma a mafi munin lokaci. Da sassafe da bayan magariba iskar da ke ƙasa ta fi ta sama sanyi da nauyi, shi ya sa hayaƙi ba ya tashi, kwanciya yake yi cikin lungu daidai hancin ƙaramin yaro. To a daidai lokacin ne muke cinna wa bola wuta, leda da robar lemo da tsumma duk a haɗe, samari su jawo tsohuwar taya su kunna suna jin ɗumi, a kwata ana babbaka da taya, a gona ana ƙone kara. Ranar da hazo ya yi kauri sai duk wannan ya haɗu ya zauna mana a gari har hantsi.

Akwai wata yarinya a layinmu mai asma, ba ta wuce shekara shida ba. Bara da daddare na shiga gidansu na tarar uwar ta zaunar da ita ta jingina da bango, ƙirjinta na kuka kamar usur, haƙarƙari na lotsawa in ta ja numfashi, inhela ta ƙare kuma dare ya yi, ga bolar bayan gidansu tana ci tun la'asar warin leda ya cika tsakar gida. Wallahi wanda ya kunna wutar nan bai nufi kowa da sharri ba, shara ta dame shi ne ba shi da inda zai kai ta.

Masana na auna wani abu da suke kira PM2.5, ƙwayoyin ƙura da hayaƙi ne da suka fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, gashin hanci ba ya tare su, har can cikin huhu suke wucewa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata su wuce maikirogiram 15 a kowace kubik mita ta iska ba a awon yini guda. Busasshiyar iska mai ƙura kuma tana kuje hanci da maƙogwaro, ƙwayar sanƙarau ta sami hanya, ga shi muna cunkushe a ɗaki an toshe taga. A 1996 sanƙarau ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya ya kashe fiye da 11,000, kuma a ɓarkewar 2024 Jigawa na cikin jihohin da abin ya shafa, shekarar da Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon rigakafin Men5CV.

Na san za a ce talaka sanyi yake ji, almajiri ba shi da bargo, me zai yi? Gaskiya ne, ni ma ba zan ce a kashe wutar tsangaya ba. Amma wutar kara daban, ta taya da leda daban, kuma kaskon garwashi a ɗaki rufe shi ma kashewa yake, don gawayi na fitar da iskar guba marar wari, mutum ya kwanta barci bai tashi ba, a bar taga a ɗan buɗe ko a fitar da kaskon kafin a kwanta.

A ganina watanni huɗun nan ne ya kamata ƙananan hukumomi su ninka kwashe shara su fito da duba-gari, masu unguwa su hana ƙona taya a cikin gari, sarkin fawa ya zauna da mutanensa kan babbaka. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen hazo kwanaki kafin ya iso, saura a ɗauko shi da Hausa a kai gidan rediyo da guruf ɗin WhatsApp na unguwa, liman ya faɗa bayan sallah, don uwar yaro mai asma ta tanadi inhela da takunkumi tun da rana, ɗan acaɓa ya rufe hancinsa da rawani, makaranta kuma ta ɗage taron safe na tsakar fili a ranar.