Sarkin Fawa da Dabbar da Ba Ta da Wuya

Ticha: Allah ya ja zamanin Mai Unguwa, soson teku dabba ne, ba tsiro ba.

Sarkin Fawa: Dabba? Daga kasuwar Wudil har Maigatari ba inda ban yi fiɗa ba, ban taɓa ganin an jawo soso da igiya ba. Ga shi can ya nannaɗe dangar Liman.

Ticha: Wancan ɗan'uwan kabewa ne, Baba. Na teku manne yake da dutse, kuma ci yake yi.

Sarkin Fawa: Da wane bakin?

Ticha: Ba baki, ba hanji, ba zuciya. Jikinsa duk ƴan ƙofofi ne. A ciki akwai ƙwayoyin halitta masu bulala, suna kaɗa ruwa ya shigo, su tace bakteriya su cinye, ruwan ya fice ta babbar ƙofa a sama. Ka zuba launi a gindinsa, nan take za ka ga ya tuƙo ta ka.

Sarkin Fawa: To a ina zan sa wuƙa?

Liman, wanda kowa ya ɗauka gyangyaɗi yake, ya ce halittar ruwa ba ta buƙatar yanka. Sarkin Fawa ya yi kamar bai ji ba.

Sarkin Fawa: Ƙashi fa?

Ticha: Da ƙashin ake rarrabe su, gida huɗu, iri sama da 8,000. Akwai masu ƴan allurai na alli, ka ɗiga musu tsami su yi kumfa su narke. Akwai masu allurar gilas mai tsini shida, can ƙasan teku, tsami bai dame su ba. Sai babban gida, mai fiye da kashi uku cikin huɗu na duka. Soson wanka a nan yake, ba allura, zare ne mai laushi. Na huɗu ƙaramin gida ne da aka ɓalle daga babban.

Sarkin Fawa: Ba romo ke nan. Tsiro ne.

Ticha: A 1907 wani masani a Amurka, Wilson, ya matse soso ta ƙyallen siliki har ya zama kunu. Ƙwayoyin suka lalubo juna, suka sake zama soso.

Sarkin Fawa ya gyara zama.

Sarkin Fawa: Ka yanka ka sayar, ya sake tofowa?

Ticha: Ko gutsure ne, in dai yana cikin ruwa.

Sarkin Fawa: Ai ni tun farko na ce dabba ne! Yaran zamani ba sa saurare.

Mai Unguwa: Tunda tace ruwa yake, a kawo mana a tafki. Famfon da aka ƙaddamar da kiɗa kafin zaɓe har kaji sun fara ƙwai a gindinsa.

Ticha: Ruwan daɗi kashe na teku yake, ranka ya daɗe. Ko daga ruwa ka ɗaga shi, iska ta toshe hanyoyin, sai ya ruɓe. Masu sayarwa ma da gangan suke barinsa ya ruɓe, su bubbuge, su wanke baƙar fatar, zaren ya saura.

Sarkin Fawa: Su zubar da fata?

Teku dai sai an kwana a mota, amma Sarkin Fawa ya miƙe tsaye.

Sarkin Fawa: Mai Unguwa, a sa a takarda: duk wanda ya kama soso a ƙasar nan, fatar tawa ce.