Kai da gemunka, katun?

Ran nan Yaya ta kira ni daga Argungu ina tsaye a layin shiga silima a nan Ottawa. Na ce mata, "Yaya, bari in kira ki an jima, za a fara fim." Ta ce wane iri? Na ce katun. Ta yi shiru kamar layi ya yanke, can ta ce, "Kai da gemunka? Ashe can ma zaman banza kuke yi."

Ban ga laifinta ba. A gida katun shi ne na kyanwa da ɓera da ake kunna wa yara don a samu a sauke tukunya. Ni ma da wannan tunanin na zo Kanada.

A garin nan akwai bikin finafinan zane da aka fara tun 1976, a watan Satumba ake yinsa, kuma akwai wanda ya girme shi a Annecy ta Faransa, tun 1960. Ranar da na fara shiga, zauren cike yake da masu furfura, yaro ko ɗaya babu. Aka saka wani gajeren fim na minti bakwai. Mace ce ta yumɓu tana wanke kwanoni, ruwan yana cin hannunta kaɗan-kaɗan, yatsu suka tafi, gwiwar hannu ta bi, mijin yana gefe bai ɗaga kai ba. Ba magana, sai ƙarar ruwa. Baturen da ke kusa da ni yana ta jinjina kai wai ya ga sabon abu. Ni kuwa Ta-kitse na tuna, wadda kishiyoyi suka tura gaban murhu ta narke sarki ba ya gari. Kakarmu ta ba mu wannan a tsakar gida ina ɗan shekara shida, kuma daren nan ban yi barci ba.

Abin da ya kama ni ke nan. Abin da ake kira baƙon fasaha a nan, da shi aka yaye mu. Tatsuniyarmu ba ta taɓa neman izinin hankali ba: kayan cikin bijimi su zama 'yan mata, dodo ya haɗiye gari, Gizo ya yi mugunta ya kuma sha. Mu ne muka girma muka bar wa yara ita, muka ce mun waye.

Yadda ake yin irin fim ɗin ma abin kallo ne. Silima tana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, masu yumɓu da yawa kuma 12 suke ɗauka. A motsa ɗan yatsa, a ɗauka, a sake motsawa. Minti ɗaya hoto 720 ke nan, minti bakwai ya haura 5,000. Sau da yawa mutum ɗaya ne a ɗaki, ba kamfanin da zai ce masa wannan ba zai sayu ba. Shi ya sa kana ganin shatin yatsansa a kumatun matar, kamar a jikin randar da aka gina da hannu. Katun na manyan kamfanoni sumul yake, ka fito ka manta. Wannan kuwa sai da ya bi ni har gado.

Abin kunya, sai a nan na ji sunan Moustapha Alassane, ɗan Nijar, maƙwabcinmu. An haife shi a 1942, ya rasu a 2015, ya daɗe zaune a Tahoua. Ya zo Kanada ya koyi aiki wurin Norman McLaren, wani shahararren gwanin finafinan zane. A 1966 ya yi Bon Voyage Sim, inda kwaɗo yake shugaban ƙasar kwaɗi, ya hau jirgi ziyarar aiki, ana ta fareti da jawabai. Shekara shida kacal da samun 'yanci, mutum yana yi wa masu mulki shaguɓe da kwaɗo! Daga Kamba zuwa Gaya tsallaken iyaka ne, amma har na bar gida ban ji wanda ya ambace shi ba.

A ganina mu muka fi Turawan nan bukatar wannan sana'a. Akwai maganar da ɗan wasa ba zai iya yi da fuskarsa ba, don an san gidansu. Wa zai fito a fim ya kwaikwayi wanda ke sa wa ƙauye haraji kafin a bar shi ya yi girbi, gobe kuma ya bi hanyar Anka? Kurar da aka zana ba ta da unguwa. Kayan aikin ma ba su kai tsadar da ake zato ba. Manhajar Blender, wadda ake haɗa katun da ita a kwamfuta, kyauta ce, yumɓu kuma yana nan jibge a bakin gulbi, waya tana aljihu. Wuta da haƙuri ne matsalar.

Ba duka nake yabo ba. Wasu hauka ce zalla aka sa mata suna, wasu tsiraici ne ba dalili, sau biyu ina tashi in fita. Akwai kuma maganar malamai kan surar abu mai rai, wadda ba ni zan yanke ta ba, kuma duk mai son yin wannan a Birnin Kebbi ko Gusau sai ya zauna da ita.

Da na koma gida daren da Yaya ta kira ni, na tura mata fim ɗin kwaɗin ta WhatsApp. Kwana biyu ba ta ce komai ba. Ran na uku sai ga saƙon murya, tana dariya har da tari: "Wallahi ƙanena, wancan mai tumbin na san shi. Shi ya zo mana yaƙin neman zaɓe. Akwai wani?"