Bodement: kalmar da masu "sauƙaƙa" Shekspiya suke binnewa

Ɗiyar yayana da ke karatun Turanci a jami'a ce ta kawo mini wani ɗan littafi irin wanda ake sayarwa a bakin ƙofar makaranta, wai wasan kwaikwayon Makbes na marubucin Ingila Shekspiya ne aka sauƙaƙa. "Baffa, ai da wannan kowa ke cin jarrabawa," in ji ta. Na buɗe kashi na 4, fitowa ta 1, inda Makbes ya koma wurin mayu, ina neman kalma guda, bodements. Babu ita. An cire ta, an sa abin da ke nufin "labari mai daɗi". Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ba 'yan kasuwar littafi kaɗai ke wannan ɓarna ba. Tun 2015 masu shirya bikin Shekspiya na jihar Oregon a Amurka suka ɗauki marubuta 36 su mayar da wasanninsa 39 zuwa Turancin zamani, wasu suka yi ta tafa musu. Abin da manya suka halatta shi ne yara ke sha a yau.

Bodement tsohuwar kalma ce, yau ba ka jin ta a bakin Bature. Ma'anarta alama ce ta abin da ke tafe, galibi mara daɗi, irin wadda ke sa gaban mutum ya faɗi tun abin bai auku ba. Tushenta bodian a tsohon Turanci, wato shelanta, kuma boda shi ne manzo. Har gobe Jamusawa na ce wa ɗan aike Bote. Ke nan akwai ɗan aike ɓoye a cikin kalmar. Shi hasashe mutum ne ke zama ya yi lissafinsa ya fitar. Bodement kuwa zuwa take yi daga waje, ta tsaya maka a ƙofar gida, ko ka so ko ka ƙi. 'Yan'uwanta sun rayu, ana cewa foreboding, ana cewa bode ill ko bode well, ita ce kawai ta kwanta dama.

To, dubi inda Shekspiya ya ajiye ta, a wasan da ya rubuta wajen 1606. Mayu sun nuna wa Sarki Makbes siffofi uku. Ta farko ta ce ya kiyayi wani basarake mai suna Makdaf. Ta biyu ta ce duk wanda mace ta haifa ba zai iya cutar da shi ba. Ta uku ta ce ba za a ci shi da yaƙi ba sai ranar da dajin Birnam ya tako zuwa dutsen Dunsinen. Nan ne ya yi murna, ya ce "Sweet bodements", wato ya haɗa zaƙi da kalmar da ke ɗauke da ƙurar masifa. Mai kallo yana jin tsikar jikinsa ta tashi, domin bakin sarkin ya riga ya faɗi abin da zuciyarsa ta ƙi karɓa. Daga baya sojoji suka sassaro rassan dajin suka rufe kansu da su suka nufo shi, Makdaf kuma ya gaya masa cewa shi farke cikin uwarsa aka yi aka ciro shi. Wanda ya share kalmar nan ya sa "labari mai daɗi" ya mayar da mutumin da ke yaudarar kansa ya zama wanda aka yi wa albishir kawai. Ya kashe fitowar baki ɗaya.

A wani wasan nasa kan yaƙin Turoi ma haka abin yake. Kasandara na roƙon ɗan'uwanta Hekta kada ya fita fagen fama, sai ɗan'uwansu Turoilus ya yi watsi da ita, ya ce yarinya ce mai camfi da mafarke-mafarke, ita ke ƙirƙiro duk waɗannan bodements. Hekta ya fita, bai dawo da rai ba. Sau biyu ke nan kalmar na fitowa daga bakin wanda ya ji gargaɗi ya toshe kunne. Wannan ba dace kawai aka yi ba.

Bahaushe bai kamata ya sha wahalar gane wannan ba. Idan uwa ta ce wa ɗanta mai shirin tafiya, "Jikina ya ba ni, ka fasa," ba ra'ayinta take faɗa ba, kuma ba duba ta yi ba. Jikin ne ya ba ta, kamar an aiko shi. Wa zai yarda a goge wannan magana a sa "ina tsammani", a ce ai duk ɗaya ne?

Masu kare sauƙaƙawa na cewa yara ba sa fahimtar tsohon Turanci, gara su sami rabi da su rasa duka. Hujjar malalacin malami ce. Rabin da suke bayarwa ai labarin ne tsurarsa, wa ya kashe wa, kuma labarin ba na Shekspiya ba ne tun asali, daga littafin tarihin Holinshed ya ɗauko shi. Abin da yake nasa shi ne kalmomin, su ne kuma ake zubarwa a kwandon shara. An ba yaro ɓawo an ce masa ga gyaɗa. Abin takaici, wannan yaron ne gobe zai tsaya gaban aji yana koyar da ɗaliban da za su zauna jarrabawar adabin Turanci ta WAEC, wadda ba ta rabuwa da wasan Shekspiya, alhali shi kansa bai taɓa karanta layi goma na ainihin rubutun ba.

A bar kalmar a mazauninta, a sa bayani na layi ɗaya a ƙasan shafi, malami ya tsaya a kanta minti biyar. Iyakar abin da ake buƙata ke nan. Na ɗauko wa ɗiyar tawa tsohon kwafina daga kan kanta, na nuna mata layin, na gaya mata zancen ɗan aiken. Ta karanta sau biyu, ta ɗago kai ta ce, "Ashe shi ma jikinsa ya ba shi, Baffa."