Kyanwa tana shure-shure, su suna jiran MoMo ya shiga

Wallahi abin da wasu asibitocin dabbobi na kuɗi suke yi a garin nan na Accra in dare ya yi cin zali ne, kuma duk wanda zai zo ya ce min "ai kyanwa ce kawai" don Allah ya wuce, na ji wannan maganar a cikin gidanmu har ta ishe ni. Ban ce likita ya yi aiki kyauta ba, shi ma da iyalinsa, ni ma tela ne ba na ɗinki a banza. Amma a kawo maka dabba tana farfaɗiya, kumfa na fita ta baki, kai kuma ka ce sai an ajiye kuɗi tukuna kafin a taɓa ta, wannan wane irin aiki ne fisabilillahi?

Kyanwar Mma ce, tsohuwata. A Nima muke, gidan haya, kuma Mma tana ajiye buhunan wake da shinkafa na waakye a ɗan ɗakin da ke bayan namu, wannan kyanwar ce ta hana ɓeraye cinye mata jari. Wani maƙwabcinmu kuɗin cizo ya dame shi, sai ya sayo maganin ƙwarin nan na ƙaramar kwalba mai gubar DDVP a ciki, ya zuba shi haka ba tare da ya sirka ba, a katifa, a gindin bango, har bakin ƙofa. Kyanwa ta bi ta wurin, ta dawo ta zauna tana lasar ƙafafunta kamar yadda suka saba. Bayan isha'i sai ga ta tana dalalar da miyau, jiki na rawa, ta yi amai, can sai ta faɗi gefe guda ta sandare tana shure-shure, fitsari ya kufce mata. Ta ɗan lafa, ta sake.

Nan fa kowa a gidan ya zama likita. Wata ta ce a ɗura mata manja, wani ya ce madara, wata Hajiya ta ce iska ce a tofa mata, wani yaro har ya ɓallo parasitamol. Allah Ya sa ƙanwata da ke karatun jinya tana nan, ita ta hana. Parasitamol guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya ma tana iya kashe ta domin hantarta ba ta iya sarrafa shi, kuma dabbar da ke cikin farfaɗiya in ka ɗura mata wani abu yana iya wucewa huhu. Hannu ma ba a sa mata a baki, za ta cije ka ba ta sani ba. Muka naɗe ta a tawul muka sa a kwali.

Sai neman inda za a kai ta. Lambar asibitin gwamnati da wani ya ba mu ta yi ta ringin ba wanda ya ɗauka, an tashi tun yamma. Duk faɗin Nima da Maamobi da New Town, inda kusan kowane lungu akwai kyanwa da tumaki da kaji, ba mu san ƙofa ɗaya da za ka ƙwanƙwasa da dare ba. Masu buɗewa da dare suna can unguwannin masu kuɗi, inda ake kai karnukan turawa a yanke musu farce. Mai tasi na farko da ya leƙa kwali ya ce shi ba ya ɗaukar kyanwa, na biyu ya ɗauka amma ya ninka kuɗin, ba mu ko yi ciniki ba.

Muna shiga, wuri fes, sanyin AC, ga abincin kare na ƙasar waje an jera. Yarinyar da ke kan tebur ko leƙa kwalin ba ta yi ba, takarda ta miƙo min, sunan dabba, shekarunta, ko an yi mata allurar rigakafi. Na ce 'yar'uwa mutuwa take yi, a kira likita. Ta ce kuɗin buɗe kati da kuɗin dare sidi 500, sai ya shiga likita zai fito. Na tura ta MoMo, wato kuɗin da ake turawa ta waya, netwok ya tsaya, ni an cire a wayata ita ba ta ga saƙo ba, muka tsaya muna kallon waya kyanwa tana buga kanta a jikin kwali a kan benci, ana jin ƙarar ƙafafunta. Na nuna mata saƙon cirewar, ta ce doka ce, ba ita ta kafa ba. Na yarda ba ita ta kafa ba, to wanda ya kafa ɗin shi nake yi wa wannan magana.

Domin su sun fi ni sanin cewa farfaɗiyar da ta wuce minti 5 ba ta tsaya ba, ko wadda take ta dawowa a jere, tana iya lalata ƙwaƙwalwa, jiki ya ɗau zafi sosai har dabba ta mutu. Kuma abin da ake fara tsayar da ita da shi allurar diyazepam ce, tsohon magani mai araha da ake amfani da shi ga mutane ma. Irin wannan gubar ta maganin ƙwari kuma atropin ake bayarwa, shi ma ba wani maganin zinare ba ne. To me zai hana a yi mata allurar nan tukuna, dabba ta lafa, sannan a zauna a yi lissafi? Ina zan gudu? Kyanwar tana hannunku, ni ina gabanku.

Likitan da ya fito, gaskiya ba ni da abin cewa a kansa, matashi ne mai hankali, ya tambayi me aka fesa a gidan, ƙanwata ta nuna masa hoton kwalbar, ya duba idon kyanwar ya ce ƙwayar idon ta tsuke, ya yi mata allurai, aka wanke mata ƙafafu da ciki da sabulu, aka sa mata ƙarin ruwa. Ta lafa. Sai kuma takarda ta biyu ta fito daga teburin gaba, sidi 2,800. Gwajin jini kala-kala, hoton ciki, kwana biyu a keji, kuɗin sa ido, kuɗin safar hannu da auduga, har da wani abincin gwangwani na musamman. Na ce likita, mun san abin da ta lasa, ga hoton kwalba, hoton ciki na mene ne? Ya yi shiru, ya ɗauki biro ya soke wasu. Ashe ana iya sokewa! Wato in ba ka buɗe baki ba haka za ka biya, kuma mutum a ruɗe da tsakar dare ina ya ga natsuwar yin gardama. Na san akwai farfaɗiyar da ba a san dalilinta ba, ciwon hanta ko ƙoda, sukari ya yi ƙasa, buguwa a kai, wannan dole a yi gwaji, ban musa ba. Tamu ba haka take ba.

Da na gaya wa Mma kuɗin a waya, ita da har yanzu take lissafi da tsohon kuɗi na kafin 2007, wanda dubu goma nasa ne sidi ɗaya na yanzu, ta ce miliyan 28? Ta yi salati. Mafi ƙarancin albashi na yini a ƙasar nan a 2025 sidi 19.97 ne, ku lissafa, mai karɓar wannan zai yi sama da wata huɗu yana aiki kullum ba hutu kafin ya haɗa kuɗin takardar nan. Katin NHIS, inshorar lafiya ta gwamnati, na mutane ne, dabba ba ta da komai, aljihunka ne kawai. In ka yi magana su ce dala ce, magani daga waje ake kawowa. To mun ji, a ƙarshen 2022 tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin ɗari, kowa ya ji a jikinsa, amma da sidi ya farfaɗo a 2025 wa ya ga an rage ko kobo a waɗannan wuraren?

Masu cewa kyanwa ce kawai kuwa, ku ne fa kuke kawo hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa ba ci ba sha, ku ne kuke sa wa 'ya'yanku Abu Huraira, wato mai 'yar kyanwa. In ragon Layya ne ya kwanta, kafin asuba an nemo mai allura ko daga ina yake, domin shi an san kuɗinsa. Maƙwabcin da ya zuba maganin ma cewa ya yi da na bar ta Allah Ya ba ta lafiya, ko sannu bai ce wa Mma ba, kuma yaransa a wannan ɗakin suka kwana.

Jami'ar Legon da KNUST ta Kumasi duk suna yaye likitocin dabbobi, hukumar kula da lafiyar dabbobi tana nan ƙarƙashin ma'aikatar noma, duk 28 ga Satumba ana fitowa a yi ta jawabi kan ciwon haukan kare. A ce a duk Accra talaka ba zai san wuri ɗaya na gwamnati mai likitan dare ba, da lambar da ake ɗauka? Masu na kuɗi kuma su liƙa farashi a bango mutum ya gani tun daga ƙofa, su ware abin da yake dole da abin da yake in ka ga dama, ba a cakuɗa su a takarda ɗaya a miƙa wa wanda hankalinsa ya tashi ba. Masu sayar da maganin ƙwari a bakin titi su ma su riƙa faɗa wa mutane, har maganin kaska na kare mai sinadarin permethrin yana sa kyanwa irin wannan farfaɗiyar, amma ba mai cewa komai, karɓi kuɗi miƙa kwalba.

A ƙarshe sidi 1,650 na biya, rabinsa kuɗin yadin wani Alhaji ne da ya ba ni ɗinki, sai da na je na ba shi haƙuri ya ƙara min lokaci. Kyanwa ta tashi, tana cin abinci. Jiya kuma suka kira ni wai in dawo da ita a sake dubawa, na tambaya ko yana cikin wancan kuɗin, aka ce a'a, wannan sidi 200 ne daban.