Kafin a Sayo Ƙirƙirarriyar Basira, a Gyara Littafin Manaja

A watan Sha'aban da ya wuce na tsaya a ƙofar wani ɗakin taro a Kano ina kallon mata biyu, kowace na rantsuwa cewa ita aka ba wa daren Asabar ɗin. Ɗaya yayata ce, mai aurar da 'yarta ta fari, riƙe da rasit. Ɗayar ban san ta ba, ita kuma tana nuna hoton tiransifa a wayarta. Abin da ya fi damuna shi ne babu wadda ta yi ƙarya. Yayata ta biya kafin alƙalami a hannun manaja, ya rubuta a littafinsa. Ɗayar kuwa ta tura kuɗi asusun mai wurin yana Abuja, ya ce mata "Ba komai Hajiya, an gama," ya ajiye waya bai sanar da kowa ba. A ƙarshe raba daren aka yi, mu daga la'asar zuwa isha'i, su daga nan zuwa tashi. Baƙinmu na nesa sun iso ana naɗe kayan ado, nasu kuma sun yi ta zama cikin mota suna jiran mu fita. An ci kuɗin gida biyu, an ɓata wa gida biyu rai.

Tun daga ranar nake ta tunanin yadda ake tafiyar da waɗannan wurare. Gine-gine ne na miliyoyi, da fitilu masu launi da na'urorin sanyaya ɗaki da kujeru masu riguna, amma lissafinsu kakaf yana cikin littafi ɗaya mai bangon kwali da kan mutum ɗaya. Manaja ya yi zazzaɓi, wuri ya yi zazzaɓi. Ya bar aiki cikin fushi, ya tafi da rabin tarihin wurin a ƙwaƙwalwarsa. Yanzu kuma da ko'ina ake zancen ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin da ke kwaikwayon tunanin mutum (AI), tun bayan fitowar ChatGPT a watan Nuwamban 2022, matasa masu sayar da manhaja sun fara zagaya masu irin waɗannan wurare suna yi musu alkawarin na'urar da za ta riƙe komai. Ina goyon bayan shigo da fasaha cikin wannan sana'a, goyon baya ba na wasa ba. Sai dai ina ganin ana shirin ɗora jinka kafin a gina bango.

Abin da ya faru da mu bai buƙaci wata basira ba. Kalanda ɗaya yake buƙata, wadda mai wuri da manaja da mai karɓar kuɗi duk za su gani a wayoyinsu lokaci guda. Google Calendar kyauta ce, haka ma Google Sheets. Da mai wurin ya buɗe wayarsa a Abuja ya ga an riga an toshe ranar da sunan yayata, da zancen ya mutu a nan. Sharaɗin kawai shi ne kowa ya yarda cewa ranar da ba ta shiga kalanda ba, ba a bayar da ita ba, ko da kuwa Alhaji ne da kansa ya amsa a waya. A nan wahalar take, domin ba matsalar na'ura ba ce, matsalar hali ce. Mai gida ya saba cewa bakinsa ne doka, kuma yaron da zai ce masa "Ranka ya daɗe, an riga an kama ranar" sai ya shirya. Kalanda ta gama-gari tana ɗauke wa yaron wannan nauyi, tunda ba shi ya faɗa ba, allo ne ya nuna.

Rubuta yarjejeniya kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Kama ɗakin taro kuwa bashi ne ta fuska biyu: mai biki na bin wuri rana, wuri na bin mai biki cikon kuɗi. Duk da haka sai ka tarar ba a rubuta ƙarfe nawa za a tashi ba, ba a rubuta wa zai biya idan an karya kujera ba, ba a rubuta nawa za a mayar idan an ɗaga biki saboda rasuwa ba. Takarda guda da za a tura wa mai biki ta WhatsApp ya karanta ya amsa ta isa ta kashe yawancin rigingimun da ake yi a bakin ƙofa.

Sai batun kuɗi. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin kuɗi, ya koya wa kowa tiransifa ko yana so ko ba ya so. OPay da Moniepoint da PalmPay suka shiga kowane lungu. Amma sauƙin ya zo da nasa ruɗanin. Kafin alƙalami ya shiga asusun mai gida, ciko ya shiga na manaja, kuɗin janareta a ba mai gadi a hannu, wani kuma ya zo da alat na bogi a daren da babu mai natsuwar dubawa. Gyaran a fili yake: asusu ɗaya da sunan wurin, kowane biki da lambarsa, kowane biya da rasit da zai fita nan take. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma yawancin zargin sata da ake yi wa ma'aikatan waɗannan wurare daga wannan tsaga yake fitowa. Na san akwai masu ha'inci, amma na fi sanin masu gaskiyar da ba su da hujjar wanke kansu.

To idan an gyara waɗannan, ina gurbin ƙirƙirarriyar basira? Gurbinta na magatakarda ne, kuma a nan tana da amfani sosai. Duk wanda ya taɓa zama kusa da manajan ɗakin taro ya san wayarsa ba ta hutawa, kuma tambayoyin iri ɗaya ne: nawa ne, mutum nawa yake ci, akwai wurin ajiye mota, za a iya shigo da mai abinci daga waje, ranar kaza a buɗe take? Mataimaki na na'ura da aka jona da WhatsApp Business zai iya amsa waɗannan da tsakar dare, ya tura hotunan wuri da farashi, ya tuna wa mai biki cewa saura mako guda ya cika kuɗi, ya tuna wa mai ado da mai kiɗa da masu abinci lokacin da za a buɗe musu ƙofa. Zai iya tsara wasiƙar farashi ga ma'aikata ko ƙungiyar da ke son taron bita, aikin da kan ci wa manaja yini.

Inda na fi ganin ribarta shi ne lissafin wuta. Ɗakin taro a ƙasar nan injin janareta ne da aka zagaye da gini. A watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, a watan Oktoban shekarar kuma yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda a duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Duk wanda ya yi biki a lokacin, da man dizal ya yi shi. Amma ka tambayi mai wuri lita nawa dina ta awa huɗu ke sha a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke sa a kunna kowace na'urar sanyi, nawa kuma take sha a sanyin Disamba, sai ya ce maka "ya danganta." Idan aka riƙa rubuta awannin inji da litar da aka zuba bayan kowane taro, cikin shekara guda na'ura za ta iya nuna masa wane irin taro ne ke kawo riba, wanne ne yake yi a kan asara bai sani ba, da kuma daren da man ya ƙare fiye da ƙima har ya kamata a yi tambaya. Amma a lura, ba ta da abin da za ta lissafa sai abin da aka rubuta. Wurin da ba ya ajiye bayanai, ko wace irin manhaja aka saya masa, zato za ta riƙa yi masa cikin kyakkyawan lafazi.

Akwai kuma abin da masu sayar da manhajar da aka ƙera a Turai ko Amurka ba sa faɗa. Kasuwar bikinmu ba da kalandar Bature kaɗai take tafiya ba. Cunkoson aure yana zuwa ne a Sha'aban, kowa na so ya kai amarya kafin azumi, sai kasuwa ta kwanta a Ramadan, ta sake tashi bayan Sallah. Wannan lokaci kuwa yana matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara: an ɗauki azumin 2024 ranar 11 ga Maris, na 2025 ranar 1 ga Maris. Manhajar da ke hasashen kasuwa da watannin Janairu zuwa Disamba za ta yi ta ba da shawarar da ba ta dace ba. Ranar Sallah ma ba ta tabbata sai Fadar Sarkin Musulmi ta sanar da ganin wata, saboda haka wanda ya ce "a ba ni kwana uku bayan Sallah" rana biyu ya kama, ba ɗaya ba. Manaja ɗan gari ya san wannan ba sai an gaya masa ba. Na'ura sai an koya mata.

Haka batun harshe. Uwar amarya ba rubutu take yi ba, saƙon murya take turowa, ta fara da gaisuwa da tambayar iyali, sannan ta ce tana son "Asabar ta sama" ko "sati biyu bayan an sauko daga Idi." Na'urorin nan sun fi ƙwarewa a Turanci nesa ba kusa ba, kuma Hausar baka, da karin Kano da na Sakkwato da na Zariya, ta fi ba su wahala fiye da rubutacciya. Tsakanin "ashirin da biyu" da "ashirin da biyar" a saƙon da aka naɗa cikin hayaniyar gida ɗan ƙaramin sauti ne, amma kwana uku ne a rayuwar mai biki da ya riga ya buga kati. Sanannen aibinsu kuma shi ne idan ba su sani ba ba sa yin shiru, sai su ƙaga amsa. Shi ya sa nake da tsattsauran ra'ayi a nan: na'ura ta amsa tambaya, ta tuna, ta lissafa, amma tabbatar da rana da tabbatar da shigar kuɗi su zama a hannun mutum mai suna, wanda za a iya kama shi da magana gobe.

Wani zai ce wannan duk hanyar korar ma'aikata ce. Ban ɗauki wannan tsoro da wasa ba, a garin da matasa ke yawo da takardu babu aiki. Amma aikin ɗakin taro na hannu da ido ne: jera kujeru, shara, gadi, lura da inji, lallashin dangin ango da suka zo da mutum ɗari fiye da abin da aka yi magana. Babu manhajar da za ta yi ciniki da kawun amarya, ko ta san cewa wannan marainiya ce a sassauta mata. Abin da zai ragu shi ne ɗaga waya sau ɗari da juya shafukan littafi. Yaron da ke riƙe da littafin shi ya fi cancanta a koya masa riƙe kwamfutar, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bakin ƙofa ma na buƙatar gyara, kuma wannan batun rai ne. Katin gayyata mai lambar QR da ake dubawa da waya yana rage 'yan gayyar soɗi, ya kuma nuna adadin mutanen da ke ciki a kowane lokaci. A watan Satumban 2023 gobara ta tashi a wani ɗakin biki a Hamdaniya ta ƙasar Iraƙi, fiye da mutum 100 suka rasu. Duk wanda ya ga yadda muke cusa jama'a a zaure mai ƙofa ɗaya, ga yadudduka na ado rataye ko'ina, ga tartsatsin wuta da ake kunnawa lokacin shigowar amarya, ya san ba mu fi ƙarfin irin wannan ba, Allah Ya kiyaye. Sanin adadin mutane, da tunatarwa kan lokacin duba tukwanen kashe gobara da wayoyin lantarki, ƙaramin aiki ne ga waya.

Inda nake ja da baya shi ne kyamarori masu gane fuska da tara lambobin baƙi. Kamu da walima da wunin biki taron mata ne, matan aure da 'yan mata cikin kwalliyar da ba don idon duniya suka yi ba. Wurin da ya tara hotunansu da lambobin wayarsu ya ɗauki amana, kuma tun watan Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya da ta hau kan duk mai tara irin waɗannan bayanai. Ma'aikacin da ya kwafi jerin sunayen baƙi ya zuba a manhajar kyauta don ta tsara masa, ya fitar da su daga hannunsa zuwa inda bai sani ba. A karɓi abin da aiki ke buƙata kawai, a goge bayan biki, kada kuma a sayar wa masu talla.

Ƙanwar waccan amarya an sa ranarta bayan Babbar Sallah, kuma ni aka ɗora wa neman wuri. Na zagaya uku. A biyu an nuna mini fitilu da girman fili. A na ukun wata matashiya ta juyo mini da allon kwamfuta, ta nuna mini ranakun da aka kama da waɗanda suke buɗe, ta ce ba za ta toshe mini rana ba sai kuɗi ya shiga asusun wurin, kuma mai gidan ma idan yana son rana ta nan yake bi. Zaurensu ya fi sauran ƙanƙanta, kuɗinsu ya ɗan fi yawa. Nan na biya, rasit ya shigo wayata kafin in kai bakin mota.