Ranar da na mara wa tarar kaina baya

Tun da labarin ya riga ya zaga, har waɗanda ba su je wurin ba sun fi ni sanin abin da ya faru, gara ku ji daga bakina. Shi kuma wanda ya ɗauki bidiyon, na san shi, na gane tarinsa a ciki. Ban ce Allah ya isa ba tukuna, amma tana nan a bakin harshe.

Kun dai san lambatun layinmu. Damina biyu ke nan ruwa ba ya wucewa, sai ya kwanta a ƙofar gidaje ya yi kore, sauro ya buɗe ofis. Aka ji majalisar ƙaramar hukuma za ta zauna kan magudanan ruwa, 'yan layi suka ce a tura mutum ɗaya ya yi magana da yawun kowa. Kafin in buɗe baki an ce ni, wai ni na iya tsara zance. Mutanen da sai su yi mako suna musu kan wanda zai canza ƙwan fitilar layi, ranar cikin minti ɗaya bakinsu ya zo ɗaya, ni kuma ban tsargu ba. Na rubuta shafi 7, na karanta wa maman yara. Ta yi shiru, can ta ce, "Abban yara, ka tabbata kai ya kamata ka je?" Na ɗauka hassada ce.

Ƙarfe 10 aka ce, har 10 da rabi ba a fara ba. Kansiloli suna can a zagaye da tebur, mu 'yan kallo muna kan benci a baya, akwai ɗan shingen katako a tsakani. Su 11 ne har da shugaban zama, amma 5 kaɗai suka iso, kuma ƙa'idarsu ta ce sai fiye da rabi sun hallara, in ba haka ba duk abin da aka yanke labari ne kawai. Saboda haka manyan mutane biyar suka zauna suna kallon ƙofa suna jiran na shida. Wanda ya fayyace mini wannan shi ne Baba mai laima, don kusa da shi na zauna, kuma daga nan tsautsayin ya fara.

Ban san abin da na yi wa tsohon nan ba. Tun da ya yi ritaya bai taɓa fashin zaman majalisa ba, ko da rana ko da ruwa, da laimarsa da wani ɗan littafin ƙa'idojin zama da ya sha selotef har ya yi ƙyalli. Kansiloli suna zuwa su tafi, shi yana nan. An ce akawun majalisa ma in ya rikice, ta gefen ido yake satar kallonsa, in Baba ya gyaɗa kai sai ya ci gaba. Ya ari birona tun kafin a fara, wai nasa ya ƙafe. Ya tambaye ni abin da ya kawo ni, na ce maganar lambatu. Ya tambayi layinmu, na faɗa. Ya tambayi lambar gidana, na faɗa. Sai ya cire tabarau, ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya mayar, ya ce, "Madalla, ɗana. Allah ya ba da sa'a." Ashe ajanda da rahoton injiniya sun yi kwana 7 a manne a allon sanarwa na bakin ƙofa, don duk mai so ya karanta kafin zama. Na wuce ta gaban allon nan, har na tsaya na gyara hula a gilashinsa. Shi ya karanta. Ya san komai tun daga lambar gidan.

Da na shida ya shigo aka buga guduma, sauran ma suka riƙa sulalowa ɗaya bayan ɗaya har suka cika. Aka karanta bayanan zaman baya, wani kansila ya ce shi bai ce "sakaci" ba, "jinkiri" ya ce, a gyara. Aka gyara, aka amince, shugaba ya sa hannu. Ni duk ƙafata rawa take, ina ta shafa takarduna.

Da aka zo kan magudanai, shugaba ya tambaya ko akwai wanda yake da wata alaƙa ta kasuwanci da batun. Sai kansilan nan mai tifofi ya miƙe ya ce shi yana sayar da yashi da tsakuwa, saboda haka zai fita har a gama. Haka tsarin yake, mai amfana da hukunci ba ya zama a yanke shi. Na ji ya burge ni. Da ya zo wucewa ta gefen bencinmu ya gan ni, ya washe baki ya ce, "A'a, Malam! Ya yashin nan, ya isa kuwa?" Na ce ya isa, ranka ya daɗe, har ya yi saura. Na lura mutum biyu a gabana sun waiwayo, na ɗauka mamaki suke kansila ya san ni.

Shugabar kwamitin ayyuka ta tashi ta gabatar da ƙudiri. Makirfonta yana ta yankewa, abin da na tsinta kawai shi ne "magudanan ruwa", "cikin gaggawa" da "ba sani ba sabo". Ta zauna. Shugaba ya ce, "Akwai mai mara baya?"

To ni a sanina, in an tambaya akwai mai mara baya, kuma kana mara baya, sai ka faɗa. Na miƙe tsaye, na ɗaga hannu har da takarduna, na ce da muryar da ban san ina da ita ba, "Na mara baya ɗari bisa ɗari!"

Wurin ya yi tsit, har ƙarar fanka ana ji. Akawu ya tsaya da rubutu, bironsa a sama. Shugaba ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Malam, wace mazaɓa kake wakilta?" Na faɗi sunan layinmu. Ya ce, "Layi ba mazaɓa ba ne. Mara baya na 'yan majalisa ne. Zauna, lokacinku yana zuwa." Na zauna, amma benci ya riga ya cike gurbina, don na kusa da ni sun baje, sai na sauka rabi a kan cinyar Baba rabi a kan laimarsa. Bai ce uffan ba. Ya zare laimar a hankali, ya duba ko ta karye, sannan ya rubuta wani abu da birona.

Wani kansila ya mara baya yadda ya kamata, aka buɗe muhawara. Sai a nan na ji ƙudirin sosai: duk wanda ya zuba kayan gini ko shara a kan magudanar ruwa, a ba shi wa'adin kwana 14 ya kwashe, in ya ƙi a ci shi tara. Ko a nan ban farga ba. Ni a raina shara ake nufi, kuma na san masu zubawa. Suka shafe kusan minti 40 a kan kalma biyu. Wani ya kawo gyara, a maimakon "za a ci tara" a sa "ana iya cin tara". Na ce a raina wannan ai ɓata lokaci ne, sai Baba ya raɗa mini cewa duk dokar a nan take: ta farko ta ɗaure jami'i dole ya yi, ta biyu ta bar masa zaɓi, kuma inda aka bar zaɓi nan ɗan uwa da abokin ɗan uwa suke bi su wuce. Gaskiya ya faɗa. Abin da ya fi ba ni haushi da shi ke nan, bai cika yin kuskure ba.

Kafin ƙuri'a aka ba jama'a dama, kowa minti 3. Shafi 7 a minti 3. Aka miƙo mini makirfo, na tsallake gaisuwa da tarihin layi, na faɗa kan shafi na 5 inda na fi zuba wuta. Na ce masu toshe magudanar ruwa ba su da tausayin yara. Na ce mutum ya san abin da yake yi sarai, yana kwana lafiya maƙwabta suna kwana da sauro. Na ce wannan "ana iya" ɗin a jefar da ita, dole a ci tara, kuma in da ni ne ma a ninka. Na ce kwana 14 ya yi yawa, 7 ya isa. Har tafi aka fara, shugaba ya buga guduma. 'Yan layinmu huɗu da suka rako ni kuwa duk sun sunkuyar da kai, kafaɗunsu suna rawa. Na ɗauka maganata ce ta taɓa su.

Shugaba ya gode mini, ya ce injiniya ya nuna wa majalisa abin da ya gano. Aka kashe fitila aka kunna majigi. Hoto na farko wani layi ne can. Na biyu ma haka. Na uku sai ga wani get mai ruwan toka. Na ce a raina, ji wani mai irin get ɗina. Ga tulin yashi ya haye kan lambatu ya danne bakin kwalbati, har ciyawa ta tsiro a kansa. Injiniya ya ce a layin nan gaba ɗaya nan ne ruwa yake tsayawa, kuma daga alama yashin ya kwana biyu. Damina biyu, in za a faɗi gaskiya, tun da kuɗin ɗakin sama suka yanke. Ya danna hoto na huɗu. Ni ne. A tsaye a ƙololuwar yashin, da singileti da gajeren wando, waya a kunne, ɗaya hannun ina nuna ƙofar maƙwabcina. Na ma tuna ranar, ƙorafin shararsa nake yi wa wani.

Hoton nan ya fi ƙofar ɗaki girma a jikin bango. Injiniya bai gane ni ba, sai ya ci gaba da bayani yana zagaye cikina da jan haske, yana cewa "kamar yadda kuke gani a nan". Aka kunna fitila. Kai goma suka juyo tare. Ina tsaye har lokacin, don ba wanda ya ce in zauna, makirfo a hannuna a kunne. Zufa ta keto mini ta ƙarƙashin hula. Na so in ce wani abu, abin da ya fito shi ne, "Ai na plasta ne." Me ya kawo plasta? Har yau ban sani ba. Sai Baba ya matso, kamar mai yi mini raɗa, alhali bakinsa saitin makirfo, ya ce, "Laifi tudu ne, ɗana." Bai ma ƙarasa ba, zauren ya ƙarasa masa. Shugaba ya buga guduma sau uku, na huɗun bai samu ba don shi ma ya kifa kai a tebur.

Aka fara kaɗa ƙuri'a kan gyaran, don shi ake fara yankewa kafin uwar ƙudirin. Mutum 4 suka ce "ana iya", 4 suka ce "za a", ɗaya ya yi rowar ƙuri'a, mai tifa yana waje. Kunnen doki. Ya rage shugaba ya raba gardama. Ya share hawaye ya ce tun da wanda abin ya fi shafa da bakinsa ya roƙi a tsaurara, shi ba zai hana shi ba. Gyara ya faɗi, ƙudiri ya wuce. Maganar rage wa'adi zuwa kwana 7 ce kawai ba a ɗauka ba, don ɗan kallo ba ya kawo gyara. Ƙa'idar da ta kunyata ni da safe ita ta ba ni mako guda kyauta.

A bakin ƙofa Baba ya tare ni, wai zai ba ni haƙuri. Ya ce wani sojan injiniya a Amurka, Henry Robert, an taɓa sa shi ya jagoranci taro a coci a 1863, abin ya cakuɗe masa ya ji kunya, shi ne ya zauna ya koyi tsarin taro har ya fitar da littafin ƙa'idoji a 1876, wanda ƙungiyoyi da majalisu da yawa a can suke bi har yau. Ya ce, "Ka ga kai ma kana iya zama wani abu." Na ce, "Baba, da ka ce mini in duba allo fa?" Ya ce ai ban tambaya ba. Mutumin da ya yi mini bayanin adadin zama ba tare da na tambaya ba, ya yi mini bayanin "za a" da "ana iya" ba tare da na tambaya ba. Na lura ma duk lokacin da ake dariya shi bai yi ba, rubutu kawai yake, kamar mai cike fam.

Na koma zama na gaba don in ji yadda aka rubuta ni a bayanan zaman baya. Akawu ya karanta: "Wani daga cikin jama'a ya goyi bayan ƙudirin." Shi ke nan. Shafi 7, ko suna babu. Ban san ko in ji daɗi ko in ji haushi ba.

Yashin na kwashe a rana ta 13, mai tifa ya turo yaransa, kuma sai da na biya. Ruwa ya wuce ƙofata ya je ya tsaya a ta maƙwabcina, inda sharar take, amma yanzu wa zan faɗa wa? Maman yara ba ta ce komai ba, hoton dai ta sa a fuskar wayarta. Birona kuma yana wurin Baba, shuɗi ne mai murfi, in wani ya gan shi.